Rabi Na Tukunya, Rabi Na Mai Gida

Albasa ta cika kwano har tana zubowa, Vendula kuwa ba ta ajiye wuƙa ba. Mahaifiyarta Jarmila, lokacin tana raye, nauyin nama take aunawa ta sa albasa daidai da shi. In an rage, sai ta ce wannan ba farfesun gulash ba ne, romon majinyata ne. Tun rasuwarta tukunyar nan ta baƙin ƙarfe ba ta sake hawa wuta ba sai yau.

Yau ce Docesna, ranar da ake kammala tsinkar hmel, furen nan mai ɗaci da ake sa wa giya. A gidan Radomil, mahaifin Vendula, ranar tana da tata doka: a rataya kambin hmel a bakin ƙofa, baƙi su zo cikin tsofaffin kayan 'yan tsinka, malafa da ɗankwali da takalman roba, kuma duk abin da zai hau tebur da giya za a dafa shi. Har burodin da ita ake kwaɓawa. In nama ya ɗauko nuna sai uwar gida ta buɗe kwalbar baƙar giya, ta zuba rabi a tukunya, ta ajiye sauran a bakin taga. Rabi na tukunya, rabi na mai gida. In ya gama gaisawa da baƙi sai ya leƙo kicin ya ɗauki rabonsa.

Bana babu wannan. A hunturun da ya wuce Radomil ya yi aman jini a ƙofar gidan giyar ƙauyen, aka kwashe shi zuwa asibiti a Zatec. Likita ta ja Vendula gefe ta ce mata hantarsa ta kusa ƙarewa. Abin da ya rage zai iya riƙe shi wasu shekaru, amma fa ko ɗigo kada ya ƙara bi ta maƙogwaronsa. Vendula ta ajiye aikinta na injiniya a Praha ta dawo gida. Ta tono kwalabe daga cikin takalman hunturu, daga bayan itacen wuta, daga ƙarƙashin kujerar tarakta. Ta sha zagi daga bakin uban da bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta riƙe masa hannu lokacin da yake karkarwa har cokali ba ya kai bakinsa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma nemi kowa ya tausaya mata ba. Daga wannan hunturu zuwa yau bakinsa bai taɓa giya ba.

Sai dai a ƙauyen nan gidan giya ne majalisa. Namijin da ya daina zuwa, kamar ya mutu ne ba a binne shi ba. Radomil ya koma zaman taga, yana kallon abokansa suna wucewa da yamma suna ɗaga masa hannu daga nesa. Ranar da ya tambaye ta, yana kallon ƙasa, ko bana ma ba za a rataya kambi ba, sai ta tashi ta bi gida gida. Ta ce kowa ya zo da malafarsa da waƙarsa, amma kwalba ko ɗaya ba za ta ƙetare mata ƙofa ba.

"To da me za ki dafa, Injiniya?" in ji maƙwabciyarsu Libushe. "Da ruwan famfo?"

"Da giyar direbobi, Goggo."

Giyar da aka cire wa maye ke nan. Kafin yamma labari ya zaga ƙauyen, ana dariya. Vendula ta ji, ta ƙara ɗaga kai.

Da hantsi albasa ta yi ja cikin kitse, nama ya shiga, jan barkono ya bi shi. Ta juye giyar direbobin duka, ba ta bar komai a taga ba, ta rage wuta ta bar tukunya tana ɓararraka a hankali. Wajen azahar tsakar gida ya cika da tsofaffi cikin malafa. Kawu Bohush, yayan mahaifiyarta, shi ya fara shigowa kicin da tumbinsa, sanye da wata tsohuwar rigar aiki mai manyan aljihuna.

"Ranki ya daɗe, Injiniya. An ba mu izinin shiga, ko sai an caje mu?"

"Da na caje ka da na huta, Kawu."

"Ji min yarinya. Na ga jan lemon da kika jera mana a waje. Rabona da shi tun ina da gajeren wando." Ya ɗauki ludayi ya ɗebo romo, ya hura, ya kurɓa. Ya daɗe yana juya shi a baki. "Gishiri ya ji. Nama ya yi laushi. Amma ba kowa a cikin tukunyar nan."

"Kamar yaya ba kowa?"

"Kamar gidan da aka share aka gyara, masu shi suka yi tafiya. Na Jarmila in ka kurɓa sai ya tsaya maka a nan." Ya dafa ƙirji.

"Na Jarmila shi ya taimaka ya kai mijinta asibiti."

"Kul, kada ki ɗora wa 'yar'uwata. Barasa mai ƙarfi ce ta ci shi, mai ƙona maƙogwaro. Giya kuwa abinci ce, burodi ce da ba a gasa ba. A asibitin ma a da ana ba masu ciwon ƙoda ita."

"Kawu, ni na kwana kusa da shi, ba kai ba. Ajiye min ludayina."

Ya ajiye yana gunaguni, wai an kai yara Praha an cire musu harshe an sa musu ma'aunin zafi. Ta kashe wuta ta rufe tukunya. Daidai nan Libushe ta ƙwala mata kira daga waje, wai kambi ya karkace kuma babanta na neman hawa tsani da kansa. Ta fita da gudu.

Ta tarar da shi riƙe da ƙafar tsani, cikin malafarsa da ta yi masa yawa tun da ya rame. Yana dariya. Ta manta rabon da ta ga haƙoransa.

"Vendulka, gaya wa matar nan na hau abin da ya fi wannan tsawo kafin a haife ki."

"Na sani, Baba. Riƙe min ƙasa, ni zan hau."

Ta gyara kambin, aka tafa. Aka zauna a dogon tebur ƙarƙashin bishiyar goro. Aka ɗaga kofunan jan lemo, kowa ya kalli ɗan'uwansa ido cikin ido, aka ƙwanƙwasa gindin kofi a tebur kamar yadda ake yi, ana yamutsa fuska da gangan. Wani ya ce in matarsa ta ji da lemo ya yi Docesna za ta ce ya samu taɓin hankali. Radomil ya fi kowa dariya. Vendula tana zaga tebur tana zuba gulash, tana ji a ranta ta gama da su duka.

Babanta ya gutsuri burodi ya tsoma ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya rufe ido. Ya ƙara tsomawa, ya ƙara, har ya suɗe kwanon.

"Yaya ka ji, suruki?" in ji Kawu Bohush daga can ƙarshen tebur, yana ƙifta ido.

"Jarmila," in ji Radomil a hankali. "Kamar yanzu ta sauke."

Ya miƙe ya ce bari ya ƙaro burodi, ya nufi kicin. Vendula ta bar shi, don ta lura ƙwalla ta cika masa ido, ta ce a ranta wurin sharewa yake nema. Ta gama zuba wa kowa, ta saurari Libushe tana cewa ashe dai karatun bai lalata mata hannu ba. Sannan ta zauna ta ɗebi nata.

Cokalin farko ya gaya mata. Wani ɗanyen ɗaci a bayan harshe, da ɗumin da ke hawa hanci. Giyar direbobi ba ta yin haka. Wannan kuwa ko wuta ba ta gani ba.

Ta tashi ba ta ture kujera ba. Kicin ba kowa. Burodi yana nan a kan katako, ba a taɓa shi ba. A ƙasa kusa da murhu ga murfin kwalba. A bakin taga ga zagayen danshi, daidai gindin kwalba, kwalbar kuwa babu. Ƙofar baya a buɗe.

Ta dawo ta tsaya a kan kawunta, ta ajiye murfin a gaban kwanonsa.

"Mene ne wannan, Kawu?"

Ya yi 'yar dariya yana neman goyon bayan tebur. "Gyara na yi miki. Ba ki ga yadda ya suɗe kwano ba? Rabin kwalba a wannan ƙatuwar tukunya, ai ko jariri ba zai ji ba. Kuma wuta na cinye ta."

"Na riga na kashe wutar."

"To, ko da haka. Giya ce fa, Vendula, ba barasa ba."

"Sauran rabin fa? Ina ka kai shi?"

"Sauran ai na ajiye a bakin..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe. Ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

"Ban yi tunani ba," in ji shi, murya ta dushe. "A gidanmu haka uwarmu ke yi. Haka Jarmila ke yi. Hannuna ne ya ajiye."

 Tsofaffi cikin malafar wasa, kowa da jan lemo a gabansa, ba mai iya kallon wani. Bohush ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji ta. "Ka yi naka."

Ta bi ta ƙofar baya, ta ratsa lambun kabeji zuwa 'yar gonar hmel da ta rage musu. An riga an sauke komai. Dogayen turaku ne kawai tsaye da wayoyi tsirara a sama, ƙasa cike da yankakken yaɗon hmel mai ƙamshin ɗaci. A can ƙarshen layi ta hango malafar. Yana zaune a kan kifaffen kwando, kwalbar tsakanin ƙafafunsa. Tun daga nesa ta ga hasken rana na ratsa ta har gindi, babu komai a ciki.

 Ta durƙusa ta ɗauki kwalbar.

"Rabi ne kawai, Vendulka."

"Na sani, Baba."

"Ba nemanta na je yi ba. Burodi na je ɗaukowa. Sai na gan ta a taga, a wurinta." Ya share baki da bayan hannu. "Sai na ji kamar uwarki ta ɗan fita kwashe shanya ne, yanzu za ta shigo ta ce min kada in bari ta huce."

"Na sani."

"Za ki koma Praha ke nan. Kina da gaskiya in kin koma."

"Wa ya ce maka? Gobe da safe za mu je wurin likita, mu gaya mata da bakinmu. Ba wanda zai riga mu kai labari."

"Duk wahalar da kika sha."

"Wahalata ce. Ni na san inda na ajiye ta. Tashi."

Ta kama shi ya miƙe. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Suka taka a hankali tsakanin turakun. Inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi gida ɗaya ta gangara ƙauye wajen gidan giya, ta ji ƙafarsa ta ɗan yi jinkiri. Bai juya kai ba, idonsa ne kawai ya tafi can ya dawo. Ta san kallon. Duk hunturu da shi ta kwana ta tashi. Ta ƙara matse hannunsa a hammatarta suka bi ta gida.

A bakin ƙofar baya ya tsaya yana shaƙar ƙamshin kicin.

"Vendulka," ya ce, ba ya kallonta. "Akwai saura a tukunya?"

Ta zaunar da shi a kujera. Ta naɗe hannu da tsumma ta ɗauki tukunyar, ta fita da ita ta ƙofar gaba, ta ƙarƙashin kambin, ta wuce dogon tebur kowa na kallo. Ta kai bakin ramin taki ta kife ta. Naman da ta wuni a kansa ya zube yana tururi. Kawu Bohush ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"Vendula, me zan yi?"

"Ka tattara kwanuka. Kada ka bar ko cokali ɗaya da romo a jiki."

Ta wanke tukunyar a famfon tsakar gida har ta daina ƙamshi, ta shigo da ita tana ɗiga. Babanta yana nan inda ta bar shi, hannuwansa biyu a kan gwiwa.

"Babu saura, Baba," in ji ta.

Ta rataye tukunyar a ƙusarta. Ta goge zagayen danshin da ke bakin taga, sannan ta jawo kujera ta zauna tsakaninsa da ƙofa.