Askin Yaya Kafin a Shiga Tiyata

Tunda aka kwantar da yayansa a asibiti, mai aski bai buɗe shago ba. Bencin ƙofar ɗakin ya zame masa gida, bayansa ya ƙage, idanunsa suka yi zuru-zuru. Da safen nan za a yi wa yayan aiki a ka, kuma sai an aske gashin tas. Nas ta zo da reza, yayan ya kau da kai. Da ma can taurin kai gare shi, ciwo kuwa bai rage masa komai ba.

"Tunda ƙanena ya koyi aski ba wanda ya taɓa min kai sai shi," in ji shi. "Kira min shi."

Nas ta miƙa wa mai aski rezar, ta ja masa kunne: ko ƙwarzane ɗaya fatar ta samu, likita zai ɗaga aikin, ciwon nan kuwa ba ya jira.

Ya tsaya a bayan yayansa kamar kullum. Sai ga shi, wanda ya saba aski ana hira ana kallon titi, yau ya tsaya riƙe da reza. Tsoro ya kama shi. Wannan kan ne za a buɗe? Ya rasa ta inda zai fara, sai ya tsinci kansa yana daidaita gefen kunne, yana fitar da layin goshi.

"Ado kake min?" yayan ya tambaya. "Likita ba kyau zai duba ba."

Dariya ta ƙi zuwa. Ya sauke hannu, ya runtse ido. Addu'a ma ta gagare shi, "Ya Allah, na gaji" kawai ya iya faɗa a ransa. Can sai amsa ta zo masa, ba ta kunne ba, a hankali kamar ana lallashin yaro: Ni na halicci kan nan, Na fi ka ƙaunarsa. Kai naka aski ne kawai.

Ya ja dogon numfashi. Gajiyar tana nan, amma tsoron ya tafi. Ya bi kan daga goshi zuwa ƙeya, bai bar gashi ba, bai taɓa fata ba.

Da aka turo gadon tafiya, yayan ya shafa kansa.

"Ba laifi. In gashin ya tofo zan zo shago, kada ka sa ni bin layi."

"Kujerarka tana nan, Yaya," in ji mai aski.