Adawiyya Ta Ci Satifika

Duk unguwarsu a Djougou an san Adawiyya da rashin zama wuri ɗaya. A lakwal, wato makarantar boko, malaminsu da suke kira mushe na rubutu a allo, ita tana bakin taga tana kallon babura. In an aike ta sayen gishiri, sai ta dawo hannu rabbana da labarin faɗan awaki. Ta sha bulala, ta sha rubutu, har hayaƙi an yi mata. Ba abin da ya sauya, sai dariyarta da ta ɗauke.

Ranar da mushe ya ce za ta sake maimaita aji, mahaifiyarta Housseina tana kuka ta kira yayar mijinta, Bilkissou, da ke unguwar Zongo a Parakou, a waya.

"Ki kawo mini ita," in ji Bilkissou. "Akwai likitar yara da ta duba ɗan maƙwabciyata."

Badamasi, uban yarinyar, bai so ba, sai ya karɓi wayar. "Yaya, yaushe aka fara kai rashin ji asibiti?" Amma bai iya musu da yayarsa ba.

Da suka je Parakou, likitar ta daɗe tana hira da Adawiyya kafin ta juyo wajen uwar. "Ba taurin kai ba ne, ba kuma iskoki ba. Hankalinta ne ba ya tsayawa a kan abu ɗaya, kuma ana samun sauƙi." Ta rubuta magani, ta ce a ajiye bulala, a riƙa ba ta aiki ɗaya-ɗaya, a yaba mata in ta gama, a lakwal kuma a zaunar da ita gaba.

Farkon bai yi daɗi ba. Maganin ya hana ta cin abinci har ta rame. Badamasi ya ce a bari.

"Malam, ba zan bari ba," in ji Housseina. Ta sake shiga mota da ita zuwa Parakou, likita ta rage maganin.

Sannu a hankali Adawiyya ta fara gama lissafi kafin ta tashi. Ta yi ƙawaye. Wata rana ta shigo gida da gudu tana cewa, "Inna, yau ni mushe ya sa na karanta wa aji."

Shekarar da ajinsu ya yi jarrabawar satifika ta gama firamare, Badamasi da kansa ya bar shago ya je jin sakamako. Da aka kira sunanta cikin waɗanda suka ci, ya sunkuya ya ɗora ta a kafaɗa, duk da girmanta. Haka ya ratsa kasuwa da ita, yana tsayawa gaban kowace rumfa yana cewa, "'Yata ce. Ta ci."