Kalmar da Ta Rage wa Mainasara

A shekarar 1983 ina malamin asibiti a wani ɗan ɗakin shan magani kusa da Bodinga. Sunana Lirwanu. Zamani ne na ƙunci, babu komai a ɗakin sai kwalabe wayam.

Mainasara manomin albasa ne a Danchadi, dattijo mai kamun kai. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a fadamarsa, ɓarinsa na dama ya shanye. Ni na raka shi Sakkwato. Likita ya ce mini jijiya ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, daidai inda ake haɗa magana kafin ta iso baki. Wurin fahimta bai taɓu ba. Yana gane duk abin da aka faɗa, amma kome ya yi niyyar cewa, abu ɗaya ke fita: "Haka na," wato "haka ne" a Sakkwatanci.

Bayan wata biyu sai ga matarsa Hajo tana haki.

"Malam, taho. Ɗahiru ya kai shi gaban maigari."

Ɗahiru ƙanin Mainasara ne. Wani ɗan kwangila na jam'iyya yana son fadamar, Ɗahiru kuma ya yi alkawarin samar masa. Na tarar an jingine Mainasara da bangon zaure kamar buhun gero, miyau na zuba kan rigarsa, ba wanda ya goge masa. Ɗahiru ya durƙusa, har da ƙwallar ƙarya.

"Yaya, ba kai kac ce ka bar min fadama ba?"

"Haka na," in ji Mainasara, hannunsa na hagu yana dukan tabarma.

"Ranka shi daɗe, ka ji da kunnenka."

Na gaida maigari, na maimaita bayanin likita. Ya ce shi bai san ƙwaƙwalwa ba, baki ya sani. Sai na juya na tambayi Mainasara ko yau Juma'a ce, alhali Talata ce. Ya ce haka na. Ɗahiru ya ce wane majinyaci ke riƙe kwanaki? Maigari ya gyaɗa kai, ya fara neman shaidu.

Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Mainasara, kai jaki na?"

Na ga yadda ya damtse leɓɓansa, wuyansa ya kumbura, yana ƙoƙarin riƙe kalmar. Ta ƙwace.

"Haka na."

Zauren ya fashe da dariya. Mutanen da suka ci albasarsa kyauta shekara da shekaru suka shiga rige-rigen tambaya. Wani ya ce, "Kai ɓarawo na?" Wani ya tambayi abin da ba zan iya rubutawa ba, a gaban matarsa. Yana amsawa, hawaye na haɗuwa da miyau, idanunsa a kaina. Da ƙyar maigari ya tsawatar, shi ma yana danne dariya, ya ce maganar kyauta ta faɗi.

Na sulale na fita daga zauren.

Fadama ta zauna hannun Hajo, 'yan uwanta suka riƙa noma mata. Da na je dubiya bayan mako guda, ta yi ta sa mini albarka. Mainasara kuwa da jin sallamata ya ja jikinsa da hannu ɗaya ya juya fuskarsa bango. Na roƙi gafararsa, na san yana ji. Bai juyo ba.

A zauren gidan na iske Ɗahiru zaune da akushin tuwo, yana lasar yatsu.

"Malam, bismilla mana," in ji shi.

Na wuce abina. Shekara biyu Mainasara ya ƙara a duniya. Duk wata nakan je in auna masa jini, ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.