Yankawa ko Yankewa

Ɗangoggo, mai sayar da kankana a kasuwar Zuba, bai iya lallashi ba. Matarsa Indo ba ta taɓa ba shi dalilin koya ba, sai da ta karye.

Bara aka sa mata gwiwar ƙarfe, bayan ciwon sanyin ƙashi ya cinye tata. Ta warke, ta ajiye sanda, har ta koma zuwa gidajen suna a Tungan Maje da ƙafarta. Sai ran nan santsin bakin famfo ya kwashe ta, ƙashin cinya ya karye dab da saman ƙarfen. A asibiti aka ce sai tiyata, kuma kada a jinkirta, domin tsohuwa in ta daɗe a kwance ba lalle ta sake tashi ba.

Ɗangoggo ya fita sallar la'asar, likita ta zo ta yi wa Indo bayani. Ko da ya dawo, ya tarar Indo ta juya fuska bango.

"Malam, a kai ni gida. A kira mai ɗori."

"Mai ɗori ƙashi ya sani, bai san ƙarfe ba. Ya ja ƙafar nan ya girgiɗe gwiwar da kika sha wuya a kanta, sannan mu dawo da kunya? Bara da kanki kika hau gadon nan. Yau me ya canza?"

Ta ƙara matsawa jikin bango. Mutanenmu suna da wannan hali. Likita zai yi magana, su gyaɗa kai, su haɗiye abin da suka ji yana cin su a ciki, ba za su sake tambaya ba. Suna kiransa kawaici. Cutar kai ce kawai.

Ya yi faɗa har majinyaciyar gadon kusa ta ja mayafi ta rufe kai. Da faɗan ya ƙare masa, ya zauna a bakin gado, ya ɓare lemo ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Tsohuwa," ya ce, muryarsa ta sauka, "ni ne fa."

"Da ƙafa biyu ka auro ni, da su za ka binne ni. In suka cire ta, wa zai riƙa ɗaga ni zuwa bayi? Kai, da wannan bayan naka?"

"Wa ya ce za a cire?"

"Ita. Ta ce za su yanke."

Lemon ya tsaya a hannunsa. Ya tashi ya nemo likitar. Sunanta Rosemary, 'yar kudu ce, a bakin majinyata ta koyi Hausa, kuma ba ta yarda ta yi wa dattijo Turanci, don tana ganin raini ne.

"Likita, ƙafar nan yaya za ku yi da ita?"

"Baba, za mu yanke shi nan, mu sa ƙarfe, mu rufe." Ta ja yatsa a kan cinyarta.

Ɗangoggo ya kula yatsan a tsaye ya bi cinyar, bai gitta ba.

"'Yata, in na yanka kankana, tana nan a tire gaba ɗayanta. In na yanke ayaba, ta rabu da uwarta ke nan. Wanne za ku yi?"

Likita ta tsaya tana juya maganar. Sai ta dafe baki.

"Kankana, Baba. Kankana. Mama, yi haƙuri, bakina ne."

Ta ɗaga hoton ƙashin wajen taga, ta nuna musu. Gwiwar ƙarfen tana nan daram, ba za a taɓa ta ba. Za a buɗe gefen cinya, a daidaita ƙashin, a kwantar da dogon ƙarfe a jikinsa, a ɗaure da kusoshi.

Indo ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallon hoton.

"Ai kankana in an yanka ta ba a ɗinkewa."

"Wannan muna ɗinke, Mama."

"To ki daina cewa yanka ma, sai ka ce ragon layya. Ce tsagawa."

"Sagawa."

"Allah ya sa hannun ya fi bakin," in ji Indo. "Na yarda."

Washegari aka shiga da ita. Ɗangoggo ya zauna a benci da carbi, amma bai san me yake ja ba. Da aka fito da ita ƙafar tana naɗe tun daga ƙugu, ba ta jin ta saboda allurar da aka yi mata a baya, kuma ta ƙi ɗaga kai ta duba.

Can da yamma ta ce, "Malam, taɓa min yatsa."

Ya yaye gefen zanen, ya kama babban yatsanta ya matsa.

"Da zafi. Sake ni mana."

Bai saki ba.