Kujerar Tsakiya

Baban 'Yan Biyu yana durƙushe a tsakiyar falo da tef ɗin awon matarsa, yana auna tazarar da ke tsakanin sifiku biyu da kujerarsa, karo na huɗu ke nan tun safe. Ya janye su daga jikin bango, ya karkato fuskokinsu kaɗan, ya saki labule, har keken ɗinkinta ya tura baranda.

Shekara talatin ya yi yana tantance wasiƙu a gidan waya, yana mafarkin ranar da zai zauna a gida ya ji sauti mai tsabta. Jiya mai shagon kayan sauti ya ce masa, "Baba, ba a sayen sifika da ido, kuma ba a yanke mata hukunci a shago. Kai su gida, ɗakinka ne zai faɗa maka gaskiya. Ka gwada da muryar da ka fi sani. In ba su yi ba, dawo da su gobe kafin ƙarfe biyar."

Matarsa ma ta kafa nata sharaɗin: in ba su fi ƙaramin rediyonta na kicin ba, su koma kwalinsu, kekenta ya dawo bakin taga.

Yanzu uku da rabi. Ya sa kaset ɗin da ya ɗauka da hannunsa shekarun baya, marigayiya Inna, mahaifiyar matar, tana yi wa 'yan biyu waƙar barci. Muryar ta fito siririya, a warwatse, kamar tana yawo a jikin bango ta rasa wurin zama.

Matar ta leƙo tana goge hannu. "Wace ce wannan?"

"Inna mana."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Inna in ta yi magana a ɗaki ana jin ta a bakin titi. Wannan ai kamar ta kwana uku ba ta ci ba."

"Sai sun ɗan yi zafi tukuna, ranki ya daɗe. Haka aka rubuta."

"To, Allah ya sa su yi zafin kafin biyar."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya murɗa maɓallin ƙara sauti, abin ya ƙara ƙarfi bai ƙara daɗi ba. Ya tuna mai shago ya ce ƙara ba ita ce kyau ba, ya rage. A ransa har ya fara shirya abin da zai ce idan ya mayar da su. Ya jawo kwalin daga bayan ƙofa.

"Ba ni tef ɗina, ina da wuyan riga," in ji ta. Ta zagaya bayan sifikar hagu inda ya yar da shi, ta sunkuya, sai ta tsaya.

"Wa ya ɗaura wayoyin nan?"

"Ni, da kaina."

"Da tabarau ko babu?"

Ya kai hannu aljihun rigarsa.

"Waccan ta dama, silin waya mai farin layi yana ɗaure a jan kai. Wannan kuwa yana kan baƙi. Ka ɗinka hannu ɗaya daidai, ɗaya a baibai, kana jiran riga ta zauna."

Ya ɗauko tabarau daga aljihu, ya duba. Kunya ta kama shi har wuya. Takardar da ke cikin kwalin ta faɗa ƙarara: in aka juya waya ɗaya, wannan sifika tana turo sauti, waccan tana janye shi. Ya karanta wurin sau biyu jiya, har ya ja masa layi da biro.

Ya kashe na'urar, ya sauya silin, ya mayar da kaset farko.

Inna ta yi gyaran murya. A tsakiyar falon ta yi shi, daidai tsakanin sifikun biyu, inda babu komai sai kafet. Muryar ta cika, da kaurinta da 'yar rawar da take yi a ƙarshen baiti. Can ƙasa ana jin cokali yana taɓa kofi, da ɗaya daga cikin jariran yana shaƙuwa.

Matar ta lalubi kujerar da ya yini yana aunawa, ta zauna a hankali, tef ɗin a cinyarta.

"Wannan cokalin ni ce," ta ce can. "Shayi nake haɗa mata."

Ya matso zai raɓa gefenta, ta ɗaga hannu ba ta dube shi ba. "Kana tare mini ita."

Sai ya jawo ƙaramar kujerar roba ya zauna can gefe, inda sifikar hagu kaɗai ke isa kunne sosai. Agogon bango ya buga biyar, babu wanda ya motsa.

Da kaset ya ƙare ta ce, "Kai kwalin nan sito, Malam. Keken ma bar shi a baranda, ya fi samun haske."

"To kujerata fa?"

"Ka auna wata. Juya mana ɗaya gefen."

Ya tashi ya juya kaset ɗin, yana murmushi.