Jar Alama a Kan Kwamfutar Mubi

Kwana uku ke nan Hayatu yana zufa a ɗakin kwamfutoci na kwalejin da yake wa aiki a Jimeta, duk da sanyin na'ura. Manyan kwamfutoci huɗu ne a ɗakin. Uku sababbi ne. Ta huɗun tsohuwa ce, shi ya ɗauko ta a bayan a-kori-kura ranar da suka gudo daga Mubi a 2014, kuma a cikinta sakamakon ɗalibai yake har yau. Tun da Endurance, injiniyar da aka ɗauka bana, ta sa manhajar sa ido a kansu, tsohuwar take daskarewa. Allo ya nuna ja, wai manhajar sakamako ta mutu, bayan rabin awa komai ya tsaya cak.

Ga 'yarsa Hafsah tana jiran takardar sakamakonta. Yau ƙarfe huɗu makarantar koyon aikin jinya za ta rufe karɓar takardu.

Apollos, shugaban sashen, ya leƙo. "Bappa Hayatu, wannan kakar taka ta gaji. A goge ta, a sa mata sabon tsari, mu huta."

"Oga, a goge da sakamakon yara a ciki? An gwada kwashewa sau biyar, tana tsayawa a rabi."

"To ku yi ta shafa mata kai. Zuwa azahar na ba ku."

Hayatu ya ja tsaki bayan ya fita. Shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma shekara goma sha wani abu ke nan ya san kukan na'urar nan.

"Endurance, ita manhajar taki, yaya take sanin abu ya mutu?"

"Bappa, na faɗa maka sau nawa? Tana tambayar kowace kwamfuta jerin abubuwan da ke aiki. In ba ta ga suna ba, sai ta sake kunna abin."

"Buga mini jerin a takarda. Na sabuwa da na tsohuwa."

"Takarda kuma? A wannan zamanin?"

"Idona bai son allo. Buga dai."

Ta buga tana ƙunƙuni. Ya shimfiɗa takardun biyu a tebur, ya ɗora rula, yana bi layi-layi da yatsa. A ta tsohuwar ya ga sunan manhajar sakamako. Ya sake gani. Ya ƙirga har talatin da ɗaya.

"Wannan ne mataccen? Sau talatin da ɗaya yana raye!"

Endurance ta matso, ta karɓi rular. A takardar sabuwar, suna yana gida na huɗu na kowane layi. Tsohuwar kuwa, da yake tsarinta na da ne, lokaci take sawa a gida na huɗu, sunan yana can ƙarshen layi. Manhajar sa ido gida na huɗu kawai take dubawa. Duk minti ɗaya sai ta ce ya mutu, ta kunna wani, har su taru su shaƙe na'urar.

"Wayyo ni," in ji Endurance, ta dafe kai. "A kan sababbin kaɗai na gwada."

"Kwana uku! Kwana uku ana zagin baiwar Allah, ashe amsa take bayarwa, ba a iya karantawa ba!"

Ta kashe talatin, ta bar ɗaya, ta gyara tambayar yadda kowace kwamfuta za ta jera amsarta iri guda. Suka zuba wa allo ido. Minti biyar, kore. Minti goma, kore.

Apollos ya dawo da azahar, ya dubi allon, ya ce, "Ai da ma na san ƙaramin abu ne."

Sa hannun Apollos kawai Hayatu yake buƙata a takardar Hafsah. Ya tsaya a kan firinta har takardar ta fito, ya miƙa masa biro, sannan ya kira gida a unguwar Jambutu.

"Hafsah, hau keke napep ki zo yanzu. Ki taho da fayil, kar ki ninke mini takardar a jaka."