Gurbin Suna

A unguwar Kwarbai, bayan masallacin kan kwana, akwai ɗan asibitin haihuwa na Hajiya Batulu. Ungozoma ce da ta yi aiki a asibitin Wusasa har ta yi ritaya, ta dawo cikin gari ta gyara ɗakunan gaban gidanta ta zuba gadaje. Ja'afaru ne akawunta. Shi ke zama a ɗan ɗakin bakin ƙofa, gaban wata tsohuwar kwamfuta, yana shigar da duk jaririn da aka haifa, da sunan uwarsa, da nauyinsa, da allurar da aka yi masa. Da yatsu biyu yake bugawa, amma ba ya tsallake kowa.

To, kwamfutar nan ta tsufa. In an kunna ta da safe sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe kafin ta yarda ta nuna rubutu. Wata rana ma ta ƙi tashi sai bayan azahar. Shi ne ɗan Hajiya da ke aiki a Kaduna ya aiko da sabuwa, aka nemo Kabir, wani saurayi da ya gama karatun jami'a a Kongo, don ya kwashe abin da ke cikin tsohuwar ya zuba a sabuwar tun ba ta mutu da shi ba.

Ranar farko Kabir ya duba, ya ce aiki ba zai yiwu ba tukuna.

"Furogiram ɗin da ke cikin sabuwar ba ya jin yaren na tsohuwar, Hajiya. Sai an sa musu tafinta a tsakani, shi muke ce wa direba. Kuma wani kamfani ne daban ke yin sa, sai an aiko da faifansa daga Legas."

"Oh, ni Batulu," in ji Hajiya. "Su ma injuna sai da ɗan tsakani?"

Faifan bai iso ba sai ana gobe Kabir zai tafi bautar ƙasa. Ya zo da hantsi da shi a aljihun gaba, ya haɗa waya, ya zura faifan, ya yi 'yan danne-danne. Sunaye suka fara gangarowa a allon sabuwar, Ja'afaru na tsaye a bayansa yana murmushi. Ba su yi nisa ba, sai komai ya tsaya cak, wani jan rubutu ya fito.

Kabir ya sake daga farko. A wurin nan dai ya sake tsayawa. Ya cire hula ya sosa kai, ya koma tsohuwar yana bin layi-layi da yatsa.

"Malam Ja'afaru, wannan fa? Ga uwa, ga nauyi, amma gurbin suna wayam."

"Ai ranar da aka haife shi na shigar. Wa ya san sunan jariri ran haihuwa? Sai an yi suna. In uwar ta dawo allura sai in cike."

"In ba ta dawo ba fa?"

"Sai ya zauna haka."

Kabir ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, ga matsalarmu. Su masu direban nan, a ƙasarsu tun yaro na ciki an san sunansa. Shi ya sa da ya ga gurbin suna babu komai sai ya ƙi wucewa. Kuma ban isa in buɗe cikinsa in gyara ba, a kulle suka sayar da shi."

Ya danna wani abu, duk marasa suna suka jeru a allon, har suka cika shi suka wuce ƙasa.

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Mu goge su, saura su wuce. Ai masu zuwa allura duk suna da suna."

Ja'afaru ya matso kusa da allon. Idonsa na kan layi ɗaya, can wajen ƙasa, inda aka rubuta Rabi a gurbin uwa.

Rabi matarsa ce. Daminar bara ta haihu a nan, a gadon da ke kusa da taga, 'ya mace. Shi da kansa ya karɓe ta a zane, ya yi mata huɗuba, ya raɗa mata suna a kunne yadda babu wanda ya ji, ya bari sai ranar suna a faɗa wa jama'a. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya ɗauke ta. Rabi kuwa tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Ragon da ya saya, ƙaninsa ne ya mayar kasuwa. Mutane suka zo suka ce Allah ya sa mai ceto ce, daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen, har shi da Rabin. Babu hoto, babu takarda. In ka cire wannan layin, duk duniya babu inda aka rubuta cewa yarinyar ta taɓa zuwa. Wani lokaci in babu mutane yakan kira layin ya zauna yana kallon nauyinta.

"In goge?" in ji Kabir, yatsansa na kan maɓalli.

"Dakata tukuna."

"Malam, la'asar na yi zan tafi tasha neman tikiti. In ban gama yau ba, sai dai ku jira ni shekara, kuma wannan tsohuwar ba za ta kai ba. Ka ji yadda take nishi."

"Na ji. Babu wata hanya?"

"Gurbi ne fa kawai, babu komai a ciki."

"Akwai," in ji Ja'afaru a hankali.

Kabir ya ɗago ya dube shi, sannan ya bi inda idonsa yake. Ya karanta layin. Ya janye hannunsa daga maɓallin ya ɗora a cinya.

Daidai nan Hajiya Batulu ta shigo tana goge hannu da tawul.

"Ku kuma lafiya kuka yi jugum kamar an ƙwace muku goro? Tafintan ya ƙi magana ne?"

Kabir ya yi mata bayani. Ya ce yanzu da ya sake tunani, ba dole sai an goge ba. Direban ba ruwansa da abin da aka rubuta, shi dai kada ya ga wurin a buɗe. Zai iya ba da umarni ɗaya a cike duka da kalmar babu.

"Babu?" in ji Hajiya. "Kai yaro, kana da hankali kuwa? Wanda na tara hannu na karɓa, na yanke masa cibi, shi za ka rubuta wa babu? Kai da aka haife ka, kafin a yanka maka rago, babu ake kiran ka?"

"To me ake kira na, Hajiya? Ni ban riƙe ba."

"Ja'iri. Jaririn wance ake cewa. Jaririn Talatu ya sha nono? Jaririyar Ladi ta yi barci? Haka muke yi a ɗaki har a yi suna."

Sai fuskar Kabir ta washe.

"Ai kuwa wannan zai yi. Sunan uwa yana nan a kowane layi. Sai in ce duk inda babu suna, a ɗauko na uwar a sa jaririn a gabansa."

Ya jawo kujera ya fara bugawa da sauri. Da ya gama, kafin ya danna na ƙarshe, sai ya miƙe tsaye ba tare da ya dubi kowa ba.

"Malam Ja'afaru, in akwai wanda ka san sunansa, ka cike da hannunka tukuna. Ni bari in sha ruwa a waje."

Ya fita. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa.

Ja'afaru ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar. Ya sauko da ɗan haske mai ƙiftawa har kan layin Rabi. Ya daɗe da yatsunsa biyu a sama. Sunan mahaifiyarsa ne, wanda bakinsa bai saba faɗa ba tun yana yaro. Ya nemo haruffan ɗaya bayan ɗaya ya buga: Hauwa'u.

Kabir ya dawo, ya danna umarninsa, ya sake tayar da direban. Sunaye suka gangaro. Suka zo inda suke tsayawa, suka wuce. Jaririn Talatu, jaririn Sailuba, jaririn Hadiza, duk suka bi sahun 'yan'uwansu har allon ya nuna an gama. Kabir ya ce alhamdu lillahi, ya zare faifan ya miƙa wa Hajiya, ya ce a ɓoye shi inda zafi da ruwa ba sa kaiwa.

Hajiya ta sa faifan a aljihun rigarta, ta matso ta gyara tabarau, ta duba sabon allon.

"Ashe mai sunan Inna ce," ta ce. "Da Maijidda za mu riƙa kiran ta."

Ja'afaru ya gyaɗa kai.

"Rabi ta sani?"

"Ba ta taɓa tambaya ba, Hajiya. Ni kuma ban iya fara zancen ba."

"Ita ma haka za ta ce kai ba ka taɓa faɗa ba. Tashi ka tafi gida, ɗan nan. In an zo allura zan rubuta a takarda, gobe ka shigar."

Ja'afaru ya kashe tsohuwar kwamfutar, ya lulluɓe ta da zanenta kamar kullum. Ya yi wa Kabir Allah ya kiyaye hanya, ya ɗauki kekensa. Bai hau ba, tura shi ya riƙa yi ta cikin lungu, yana gwada faɗin sunan a bakinsa kafin ya isa ƙofar gida.